Ɗan Riƙo

Rhona ta buɗe ƙofa da gwiwar hannu,
tafukanta duk fulawa.
Ta ce, "Shigo, Elspeth, yi hankali da dokin ƙofa,
yana kwance nan, ba ya jin kira sai an matso."

Na duƙa. Gwiwata ta yi ƙara.
Ya miƙe, tasa ma ta yi.
Muka dubi juna kamar mun haɗu a layin asibiti.
Furfura ta cinye masa baki har gindin ido,
kunne ɗaya a tsaye, ɗaya ya yi murabus.
Bai yi haushi ba. Ya ɗora haɓa a kan takalmina
kamar mai sauke kaya bayan doguwar tafiya.

Wata bakwai yana riƙo a gidan nan.
Mai shi, Lachlan Swankie, tsohon masunci,
mantuwa ta kama shi, an kai shi gidan tsofaffi
can bayan coci, inda ba a kwana da dabba.
Masu dubawa sun zo, in ji Rhona, sun fi goma.
Kowa ya shafa kansa ya ce, kai, akwai fara'a,
sai a tambayi shekaru.
Sha ɗaya.
Sai a fara laluben makullin mota.

Ta ba ni takarda: ƙwaya biyu da safe saboda gaɓoɓi,
haƙora huɗu likita ya cire,
yana tsoron tsawa, yana son karas.
Ta ba ni bargo mai ƙanshin ɗakinta,
sannan ta juya baya
tana goge teburin da babu datti a kansa.

Da dare ɗana ya bugo daga Aberdeen.
"Mama, shekara nawa suka rage masa? Biyu?
Za ki sayo wa kanki kuka da kuɗinki."
Na ce, ni wa ya ba ni takardar nawa?
Ubanka lafiya lau ya fita sayen jarida.

Yanzu ƙarfe bakwai muke gangarawa bakin ruwan Arbroath,
ni da shi, babu mai jan wani.
Iskar teku na yankan kunne.
Shekara talatin na yi ina bandar kifi a rumfar can,
hayaƙin ya shige ulun rigata ya ƙi fita.
Ina jin shi ya sa ya yarda da ni:
ya shinshina hannun riga, ya ce wannan ta gida ce.

Kowa sai ya gaishe shi.
Mai raba wasiƙa, yaran makaranta,
har matar da ke manna wa motoci takardar tara.
Mutanen da na daɗe ina wucewa babu sannu
yau sun san sunana.
Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko,
ni albarkacin wutsiya.

Amma in mun iso turken ƙarfe na uku
sai ya zauna. Ja ba ya ɗaga shi, lallashi ma haka.
Yana duban gurbin wani shuɗin kwalekwale
da aka sayar tun bara.
Ba na ce masa komai.
Ni ma ina da wurin da ƙafata ke tsayawa,
kwana ta biyu, gaban shagon jarida.

Ran Lahadi na kai shi bayan coci.
Ma'aikaciya ta turo Lachlan bakin taga.
An ce ko sunan 'yarsa ya ɓace masa.
Ya daɗe yana kallo,
sannan ya manna tafi a gilashi
ya ce, "Brodie, ka yi ƙiba."
Wutsiya ta yi ta dukan ƙaurina har ya yi zafi.

Ga shi can gaban murhu yana minshari,
ƙafafu na motsi, yana tsere a mafarki.
Na rage rediyo.
Na jera ƙwayoyin safe a faranti biyu,
nasa a hagu, nawa a dama,
kada in sake rikita su kamar ran Talata.